Rabin Kilo a Mako

Ku matso kusa, 'yan uwana mata, yau ba doguwar gaisuwa, don abin da ke cina ya fi ƙarfin gaisuwa. Wadda ta san tana da saurin fushi ta ajiye kofin da ke hannunta kafin ta ci gaba da karantawa.

Ni tela ce. Ina ɗinkin mata a wani shago mai kekuna huɗu a bakin titi, kuma ni ba siririya ba ce. Ban ma taɓa zama siririya ba, ko a hotunan yarintata kumatuna ne ke fara gaishe da mutum. Abbanmu Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci, ya ce ita ma haka take, in ta zauna a kujera sai kujerar ta san an zauna. Umma kuwa "ke 'yar nan" ce a bakinta, sai ranar da na faranta mata rai in zama 'yar albarka.

A sana'armu akwai wata doka da ba a rubuta ba, amma duk telar kirki ta san ta: ba a faɗin awon mace. In na zagaya tef a ƙugun mace, da babban yatsana nake rufe lambar, in leƙa ni kaɗai, ko ita mai jikin ba na faɗa mata sai ta tambaya. Uwar ɗakina, mai shagon, ta taɓa sallamar wata ma'aikaciya don kawai ta ɗaga murya ta faɗi awon damtsen wata hajiya a gaban mutane. A wannan tarbiyyar na tashi, shi ya sa abin da aka yi min ya ƙona ni har ƙashi.

Wanda zan aura Safiyo ake ce masa, saboda aikinsa awon filaye ne. Dogo ne, mai hula a karkace, turarensa kan riga shi shigowa shago. Yayarsa, wadda duk gidansu ke kira Anti Babba, ita yake kawowa ɗinki a mota, daga jiran Anti aka koma jirana. Mun shekara muna tare, har ya zama matan gidansu kaf ni ke musu ɗinki. Sai wurin aikinsa suka ce za su tura shi wani gari mai nisa na shekara biyu, mahaifiyarsa kuma ta rantse ba zai tafi ba mata ba. Wata uku suka rage masa. Kowa ya sa ido yana jiran kawunnansa su zo wurin Abba a sa rana, Umma har ta gama shelanta wa maƙwabta.

Ranar wata Juma'a da yamma ya zo da kwali an naɗe shi da takarda mai walƙiya. Na sha ado, doguwar riga ruwan toka da na ɗinka wa kaina, mai tattara a ƙirji, da mayafi baƙi. Ina buɗe kwalin ina murmushi, a zatona takalmi ne. Sikeli na gani, na gilashi, irin wanda ake hawa lamba ta fito da ja.

"Amaryata, kin san ina sonki a yadda kike," in ji shi.

'Yan uwa, duk namijin da ya fara miki magana da haka, ki gyara zama.

"Amma fa?" na ce.

"Babu amma. Lafiyarki nake dubawa. Kilo ashirin kawai za ki sauke, wata biyu ya isa. Kina saukewa kawunnaina za su zo."

"In ban sauke ba fa?"

Ya yi dariya ya gyara hularsa. "Za ki sauke mana, ke da ba raguwa ba. Kullum da safe ki hau, ki ɗauki hoto ki turo min, in riƙa ƙarfafa miki gwiwa."

Na kai wa Umma ƙara ina tsammanin za ta ce ya ɗauki kwalinsa. Ta juya sikelin, ta shafa gilashin da gefen zaninta.

"To mene ne abin ɓata rai? Mutum ya kashe kuɗinsa don lafiyarki. Ke 'yar nan, kada ki ja min abin faɗa a unguwa, na riga na gaya wa kowa."

Daga ranar farantina ya canja. Umma ta ɗauke wanda na saba ci a ciki, ta ajiye min ɗan ƙaramin da ake ɗora kofin shayi. Ta kulle sukari a ɗakinta. Ta kuma karɓo min wani shayi a wurin maƙwabciyarmu, a koren kwali mai hoton wata mata da ƙugunta bai kai damtsena ba.

Na bi. Kullum da safe in shiga banɗaki, in hau, in ɗauki hoton ƙafafuna da jar lambar, in tura. Amsoshinsa gajeru ne. "Madalla." "Ƙara himma." "Yau ba motsi? Me kika ci jiya?" Da can saƙonsa na safe addu'a ce da tambayar yadda na kwana. Yanzu sai na tura hoto ake amsa min gaisuwa.

Ana haka autarsu, yarinya mai kirki wadda ba ruwanta, ta saka ni a guruf ɗin gidansu na waya, don a tattauna kayan da matan za su sa ranar biki tunda ni zan ɗinka. Kun san yadda abin yake, wanda aka saka sabo ba ya ganin tsofaffin saƙonni. Amma in wani ya ɗauko tsohon hoto ya yi magana a kansa, hoton kan fito ɗan ƙarami a saman maganar. Anti Babba ba ta lura an saka ni ba.

Ina zaune a kan keke, zare a bakina, wayar ta yi ƙara. Na duba. Ɗan ƙaramin hoto ne, amma ko a cikin dubu zan gane shi. Koren tayil ɗin banɗakinmu ne mai tsaga a gefe, da ƙafafuna, da farcen babban yatsana da ƙarfen keke ya fasa. A ƙasa Anti ta rubuta: "Wannan sikelin Allah ya ba shi lada, ya fi kowa haƙuri."

Fuskokin dariya suka fara zubowa. Matar yayansa, wadda na kwana biyu ina gyara mata rigar da wata tela ta ɓata, ta sa guda biyar. Wata ta rubuta, "A dai sayo na auna buhu." Sai ga shi, shi da kansa, da tasa fuskar dariyar: "Muna kan aiki, Anti, a ƙara mana lokaci."

Can auta ta rubuta, "Anti, tana ciki fa."

Guruf ya yi tsit. Saƙonni suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, amma na riga na ɗauki hotonsu. Ashe duk safiyar da na tsaya a banɗaki ina riƙe numfashi, gidansu guda ake raba wa ƙafafuna a sha shayi da su.

Ban yi kuka ba. Fushi ne ya rufe ni, baƙi ƙirin. Kada ku manta awon matan gidan nan gaba ɗaya yana kaina. Na san ƙugun Anti Babba na gaskiya, wanda take ɗaurewa da abin matse ciki kafin ta fito, na san wadda hannunta ɗaya ya fi ɗaya, na san wadda nake sa wa soso a riga. Na rubuta su tsaf, kowacce da lambarta, yatsana a kan wurin turawa. Na ɗaga kai na ga uwar ɗakina tana auna wata amarya, yatsanta a kan tef. Na goge. Ba don su na goge ba, wallahi, sai don ba zan bar su su mayar da ni irinsu ba.

Safiyo ya kira kafin la'asar.

"Amaryata, kin san Anti da wasa."

"Na sani," na ce, har da 'yar dariya.

"Ba ki ji haushi ba ko?"

"Haushin me? Gobe ma zan turo."

Ya sauke ajiyar zuciya, shi a dole ya tsallake. Ni kuwa a lokacin na gama shirya abin da zan yi. Zan sauke ashirin ɗin nan, har da ƙari. Zan ɗinka wa kaina rigar da za ta sa Anti Babba ta ƙware da yawunta. Zan bari kawunnansa su zo, a cika falo, a yi addu'a, sannan in aika a ce musu ba na yi. Fansa nake so, kuma da zafinta nake so.

Na daina cin abinci. Da safe shayin koren kwali, da rana kokwamba da ruwa, da yamma shayin kuma. Shayin nan ba abin da yake yi sai kora mutum banɗaki, har uwar ɗakina ta ce ko in mayar da kekena can. Amma lamba tana sauka, kilo shida cikin 'yan makonni, Safiyo yana turo min hoton tafi, Umma tana kirana 'yar albarka. Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa nake sa rigar sanyi ana zufa, ko gashin da nake cirewa a mataji in dunƙule in ɓoye a shara. Fushi kuwa a hancina yake. Na yanka leshin wata mata ba daidai ba, abin da ban taɓa yi ba tun ina koyo.

Ranar da abin ya ƙare, ina ɗinka bakin wani siket ne. Na ga layin ɗinkin ya zama biyu, ƙarar keken ta yi nisa kamar daga wani shago. Allura ta shige yatsana ban ma ji ba. Na farka a gadon asibiti, ana min ƙarin ruwa, yatsa a naɗe, Abba yana zaune a gefe da carbinsa.

Likitar mace ce, babba, mai tabarau a kan hanci, irin matan da ba sa gaggawar magana. Ta ce Abba ya ɗan ba mu wuri, ta ja kujera.

"'Yata, yaushe rabonki da abinci? Na gaskiya nake tambaya, ba kokwamba ba."

Na faɗa mata. Na faɗa mata shayin, na faɗa mata kilo shidan, da ɗan alfaharina ma.

"Shidan nan yawancinsa ruwa ne da tsoka," ta ce. "Kitsen yana nan inda kika bar shi. Kina fara ci rabi zai dawo, kada ki tsorata in kin gani. Nawa kike son saukewa?"

"Ashirin. Cikin wata biyu."

"Wa ya yanka miki ashirin?"

"Wani ne."

"Likita ne?"

"Safiyo ne."

Ta dube ni ta saman tabarau. "To ya je ya auna fili. Jikin mutum rabin kilo yake saukewa a mako cikin lafiya, in ya yi yawa kilo ɗaya. Wani makon ma ba zai motsa ba, kuma ba laifi kika yi ba."

"Rabin kilo?" Na yunƙura zan tashi, jiri ya mayar da ni. "Likita, haka sai yaushe?"

"In ashirin ɗin nasa ne, wata goma, ko shekara."

"Ba ni da shekara. Akwai mutanen da nake son su gani da idonsu."

"Na gane," ta ce, ba ta ko yi murmushi ba. "Amma yau da a kan titi kika faɗi fa, ba a kan keke ba? Su za su gani, ke ce ba za ki gani ba."

Ta ce in zubar da shayin. Ta ce in ci sau uku, rabin faranti ganye, sauran a raba tsakanin shinkafa ko burodi da kifi, ƙwai ko wake. Lemon kwalba ya zama na baƙi. In yi tafiyar ƙafa kullum gwargwadon abin da gwiwata za ta ɗauka, in yi barci sosai, sikeli kuma sau ɗaya a mako, ni kaɗai. Ta ce tunda mahaifina yana da ciwon suga, rage nauyin zai amfane ni, amma don jinina da gwiwoyina, ba don bakin wasu ba. In koma wurinta bayan wata guda mu tsayar da inda za mu nufa.

Na fito asibiti ina jin haushinta fiye da na Anti Babba. Rabin kilo fa. Fansar da na ɗora a wuta tana tafasa, an ce in rage mata itace.

Yadda ta faɗa haka aka yi. Ina fara cin abinci kilo uku suka dawo kamar an aike su. Na zauna a bakin baho na yi kukan da ban yi ba ranar guruf. Safiyo ya zo dubiya sau ɗaya da ledar lemo, washegari ya turo, "Yau ba hoto?" Na ce sikelin batir ɗinsa ya mutu. Ya ce zai kawo wani. Na ce likita ta hana. Ya turo fuska mai ɓacin rai.

Abba tsohon direban motar haya ne, irin wanda fasinja ke yi wa tsiya saboda rashin gudu, shi kuma ko a jikinsa. Tun da suga ya kama shi yake zagaya unguwa da ƙafa bayan sallar asuba. Na fara binsa. Ranar farko kafin mu kai gidan mai na bakin titi ina haki kamar an biyo ni, yana tafe yana min dariya. Muna wuce mai shayi yana hura wuta, da masu shara, da shagon mai faci da bai buɗe ba, mu juyo ta bayan makaranta. Sannu a hankali hakin ya ragu. Gashina ya daina zuba. Ranar da na hau sikeli na ga rabin kilo ya tafi, na tsaya ina kallonsa, ban san ko in yi murna ko in yi tsaki ba. Mako na gaba wani rabin ya bi shi. Na uku bai motsa ba, kuma ban mutu ba.

A irin wannan tafiyar ce Abba ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Uwata, yaron nan me ya yi miki?"

"Ba komai, Abba."

"Mutum ba ya ƙin abinci a kan ba komai. Na yi shiru ne ina jira ki faɗa da kanki."

Na ciro waya na buɗe hoton saƙonnin guruf ɗin na miƙa masa. Ya tsaya a gefen titi, ya nisanta wayar da idonsa yadda yake yi in ba tabarau. Ya karanta, ya sake karantawa. Na ga muƙamuƙinsa yana motsi.

"Ƙafar uwata ce wannan," ya ce a hankali.

Ya miƙo min wayar muka ci gaba da tafiya. Sai da muka kusa gida ya sake magana.

"Kina son sa har yanzu?"

"Ina son sa, Abba, shi ne abin haushin. Amma ina so ya ji abin da na ji."

"To. In ya ce zai turo manyansa, ki ce ya turo."

Ba a daɗe ba kuwa. Lokacin tafiyar Safiyo ya matso, mahaifiyarsa ta tasa shi gaba. Ya turo min saƙon murya, muryar nan tasa mai laushi.

"Amaryata, na yi tunani, a bar maganar nan haka. Ranar Asabar kawunnaina za su zo. Sauran kya ƙarasa a gidana, Anti ta ce akwai wani shayi da ya fi wancan ƙarfi."

Na saurara sau biyu don in tabbatar kunnena ne ya ji. Na rubuta masa, "Allah ya kai mu."

Ranar Asabar Umma ta tashi gidan da aiki tun safe. An wanke labule, an fito da kofunan da ba a taɓa su sai da dalili, an turara falo har ido na yaji. Kawunnansa uku suka zo cikin manyan riguna, babbansu dattijo mai farin gemu da sanda. Ni ina tsaye a lungun da ke tsakanin kicin da falo, Umma a bayana tana riƙe da tire, bakinta har kunne.

Aka gaisa, aka sha ruwa, dattijon ya faɗi abin da ya kawo su. Abba ya gyara murya.

"Mun gode, kun girmama mu. Sai dai ɗanku ya gindaya sharaɗi, mu kuma gidan nan ba ma karya sharaɗi."

"Sharaɗi kuma, Alhaji?"

"Au, bai gaya muku ba? Ya ce sai 'yata ta sauke kilo ashirin kafin ku zo. Ta gwada yi da gaggawa don ta faranta masa, daga kan keken ɗinki aka kwashe ta zuwa asibiti. Yanzu likita ta ce rabin kilo a mako, kada a ƙara. Na lissafa, wata goma ke nan in ba a samu tsaiko ba. In ta cika ashirin ɗin sai ku dawo, a tambaye ta ko tana so."

Na ji tiren hannun Umma ya yi ƙara.

"Haba Alhaji," in ji wani daga cikinsu, "ai wannan zancen yara ne. Yaron nan tafiya zai yi nan da 'yan makonni."

"Ni ma da na ɗauka na yara ne," Abba ya ce. "Ga wannan, ku duba. Akwai manya a ciki."

Wayata ce a hannunsa, tun safe ya karɓa. Na leƙa ta gefen labule na ga dattijon ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo. Ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya miƙa wa na ukun. Ba wanda ya ƙara taɓa kofinsa. 'Yan uwa, na sha jin ana cewa sanyi ya ratsa zuciya, ranar na san yadda yake. Dattijon ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Alhaji, ba mu da bakin magana. A ba yarinya haƙuri."

Kafin motarsu ta bar layinmu wayata ta fara ruri. Anti Babba ta turo saƙon murya mai tsawo, na ji farkonsa, "Ƙanwata, ai ba a haka," na rufe. Matar yayansa ta turo addu'o'i. Auta ta rubuta cewa dattijon ya tara gidan gaba ɗaya a tsakar gida, har Anti tana kuka. Na karanta wannan sau uku, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, kowane karo daɗinsa daban.

Da la'asar sai ga Safiyo a ƙofar gida, ba hula, ba turare. Na fito da rigar aikina, zare a manne a hannunta.

"Kin kunyata ni a gaban iyayena," ya ce.

"A gaban mutum uku. Ni a gaban nawa?"

Ya sunkuyar da kai. "Na yi kuskure. Na janye maganar, wallahi na janye. Ko kilo ɗaya kada ki sauke."

"Kai ka janye. Ni ban janye ba."

"Tafiya zan yi fa. Ni kaɗai zan tafi ke nan?"

"Allah ya kiyaye hanya."

Ya daɗe yana kallona, idonsa ya yi ja. A nan ne zuciyata ta so ta ba ni kunya, don na tuna mutumin da ke zama a benci a shagonmu yana riƙe min bakin yadi in ina yanka. Na danne.

"Shi ke nan," ya ce. "Wata goma ai ba shekara goma ba ce. Zan jira ki cika."

"Ka jira."

Na shiga gida. Umma tana zaune a kicin, abincin baƙi a gabanta ba wanda ya ci. Ta ɗago, idonta a kumbure.

"Me ya sa ba ki nuna min ba?"

"Kin riga kin gaya wa kowa, Umma."

Ta haɗiye wannan da ƙyar. Ta jawo faranti, babba, ta zuba min ganye da kifi da 'yar shinkafa yadda ta ga ina yi, ta tura gabana.

"Na ji ya ce zai jira. To ai da sauƙi. Ki bi a hankali yadda likitar ta ce, in kin cika ashirin ɗin ya dawo a yi abin nan a wuce wurin."

"Umma, na koma wurin likita shekaranjiya. Ta duba jinina, ta duba tsawona. Ta ce goma sun ishe ni. In na sauke goma, a nan zan tsaya."

Na ga tana lissafi a fuskarta, na ga lokacin da lissafin ya fita.

"Ashirin ɗin fa?"

"Babu ranarsa."

"Abbanki ya san haka ya faɗa wa mutanen nan su dawo?"

"Shi ya raka ni asibitin."

Na ɗauka faɗa Umma za ta yi. Ta share ido da bakin mayafinta, ta miƙo min cokali.

"Ci abincinki kafin ya huce."

Ina cikin ci wayar ta yi haske a gefen faranti. Shi ne. "Zan riƙa ƙirga makonnin, Amaryata. Duk ranar da kika cika ki gaya min."

Na tauna lomata a hankali, na haɗiye, na sha ruwa. Sannan na goge hannuna na rubuta masa, "To."